Shebur ɗin Baba

A Maraɗi babu tashar jirgin ƙasa, ba a taɓa yin ta ba. Amma ni a gidan ma'aikacin jirgi na tashi, nan Sabon Gari, kuma tun ban taɓa ganin dogo da idona ba na san yadda ake ba injin wuta. Mahaifina ya tsallaka Najeriya yana saurayi, rakiyar buhunan gujiya, sai ya zarce. Can ya samu aikin zuba wa jirgi kwal a wata ƙaramar tasha ta ƙasar Zamfara. Bai dawo ba sai da aka daina jirage masu hayaƙi aka sallame su. Ya zo gida da tari, da idon hagu da tartsatsi ya lalata, da shebur guda.

Mu felu muke cewa, shi kuwa ko kusa. Wannan shebur ne, in ji shi, felu na masu kwasar yashi ne. Dogon baki gare shi siriri, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo. A kan ƙusa biyu yake rataye shi jikin bangon ɗakinsa, duk Juma'a ya sauke ya shafe shi da man gujiya kafin ya yi wanka. Doka guda ce a kansa, ba ya taɓa ƙasa. Yashi yana cin bakin shebur, in ji Baba, in baki ya yi giɓi sai ya sarƙe a daɓen ƙarfe lokacin da mutum ya kawo kwal da gudu, shi ke nan wuyan hannu ya tafi. Ko za a yi shara ba a jingine shi a tsakar gida.

Ni ce autarsa, don haka ni na fi shan labari. Yakan tsaya tsakar gida da shebur babu komai a cikinsa, ya buɗe ƙafafu, ya juya ƙugu ya watsa. Hagu, dama, can ƙurya, sai nan ƙarƙashin ƙofar wutar injin. Ya ce a fara yayyafa wa kwal ruwa. Ya ce in ka hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe, to raggo ne a bakin wuta, ya jibga ne bai shimfiɗa ba. Wai har ƙwai suke soyawa a kan shebur ɗin. Ina yarinya ina tafa hannu. Da na girma, gaskiya, na gaji da ji.

Da na fara fataucin atamfa ina tsallaka iyaka, sai ya kama ni da aike.

"Auta, in kin je wajen, ki ratse ki duba mini tasharmu. Ki ga ko tankin ruwa na nan."

Na yi ta zillewa, har wata shekara na ratse. Wayyo! Da ban je ba. Rufin babu, an kwashe kwanon. Tankin da yake tambaya yana kwance gefe guda, cikinsa a fashe, awaki na shan inuwa a ciki. Dogon ya nutse, sai nan da can kake ganin bayansa. Inda fasinja suke tsayawa mata sun shanya barkono. Na tambayi wani dattijo mai rake ko ya san masu aikin wuta na da, ya dube ni ya ci gaba da feraye rakensa.

Na dawo na tarar da Baba a zaure yana jirana. Ko takalmi ban cire ba ya ce, "Yaya tashar?"

Na ce, "Tana nan, Baba. Har fenti an yi mata."

Allah Ya shirye ni, me ya kai ni zancen fenti? Da na tsaya a tana nan, wataƙila da ya haƙura. Fentin nan shi ya tayar masa da hankali. Tun daga ranar ba shi da magana sai in kai shi ya gani da ido gudan da ya rage masa kafin shi ma ya rufe. Ni kuwa na shiga jan lokaci. Yau in ce hanya ba lafiya, gobe damina, jibi an rufe iyaka. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalili ba. Iyakar inda na taɓa kai shi Tibiri, nan kusa da Maraɗi, gaisuwar mutuwa.

Sai kuma aka fara zancen sabon dogo da za a jawo har Maraɗi. Tsoho ya miƙe kamar an ba shi magani. Shafa mai ya koma sau biyu a mako. Yayana, wanda ke noman rani a Jiratawa, ya ce masa jiragen yanzu man gazuwal suke sha, ba mai neman kwal. Baba ya yi tsaki ya ce kowane irin inji ne dole a nemi wanda ya san wuta, kuma tun da tsohuwar tasha na nan, ai mutanensa na nan, za su faɗi sunansa.

Wata safiya ta bazara Yaya ya faɗo gidan a kan babur, gumi sharkaf. Ranar ruwansu ce a garka. A Jiratawa bi da bi ake sakin ruwa, in naka ya wuce sai ka jira zagayowa, ga zogalensa ya fara langaɓewa. Felunsa ya karye tun jiya, ya biyo gari neman wani, maƙerin bai buɗe ba. Ya durƙusa ya ce Baba ya ara masa shebur na wuni guda ya buɗe kwalbati.

Baba ya ce, "Ba ya taɓa ƙasa."

Yaya ya sake roƙo. Baba ya ce ya je ya ara wurin maƙwabta, shi nasa aiki na jiransa.

Ina bakin murhu, na ji kaina ya yi zafi. Ni dai da ma ba ni da riƙon baki.

"Wane aiki, Baba? Haba! Tashar taku ta mutu! Awaki ne a ciki. Ba rufi, ba fenti, ba wanda ya san ku. Ƙarya na yi maka!"

Yaya ya sunkuyar da kai. Na so Baba ya zage ni, wallahi na so. Sai ya dubi bango, ya ce a hankali, "Tankin ma?"

"Tankin ma."

Ya ce to. Ya koma ɗaki. Yaya ya fita bai ɗauki komai ba.

Na ba shi haƙuri da yamma, na sake ba shi washegari. Ya ce ba komai, Auta, ai kin kyauta da kika faɗa. Bai ƙara tsayawa tsakar gida ya watsa hagu da dama ba. Ranar Juma'a ya sauke shebur, bai nemi mai ba, ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi masallacin unguwa. Ya dawo hannu wofi. Ashe ya ba liman ne, ya ce a haɗa da kayan haƙar kabari, sadaka.

Bai ga ƙarshen daminar ba. Muna cikin gida mu mata aka fita da shi. Da maza suka dawo daga maƙabarta, na ja Yaya gefe na tambaye shi abin da ke cina. Ya ce e, da shebur ɗin aka mayar da ƙasa. Ya ce masu aikin har yabonsa suke, wai yana ɗiba da yawa.

Sabon dogon har yau zancensa muke ji, in ma ya zo ba ruwana. Hanyar kasuwata ta gaban masallacin take. Kayan kabari a lungun alwala ake tara su, kowa na gani. Jiya ma na hango shebur ɗin a yashe a ƙasa, jan laka ya bushe a kansa, bakin ya yi giɓi uku. Na tsaya kamar in ɗaga shi in jingine. Sai na tuna wadda ta kai shi wurin, na gyara kayana na wuce.