Ina Sauran Wutar Take Zuwa?

Ɗan zuuu ɗin da makunnin yake yi ne ya tuna mini da kakata. Jiya bayan la'asar na ɗaura shi a ɗakin mahaifiyata, a gidanmu na Al Wakrah da ke gefen Doha, irin makunnin nan da ake murɗawa haske ya ragu ko ya ƙaru. Wata uku ke nan da zuwan Inna Doha, kullum zancenta ɗaya: hasken garin nan ya yi mata yawa, gida za ta koma. Ni kuwa ba na son ta tafi, don ba mai kula da ita a can.

Ka ga, kakata ma haka ta yi ina yaro. Da damina ta rushe mata ɗaki a ƙauye, Baba ya dawo da ita wurinmu birni. Tana fama da ciwon ido, kuma ta saba da fitilar ƙwai, wadda ake rage wa lagwani yadda ake so. Ƙwan lantarki kuwa ba ya jin rarrashi. In an kunna, hawaye ya yi ta zubo mata. In an kashe, ta yi tuntuɓe da buta. Baba ya hana kananzir a ɗaki saboda tsoron gobara. Sai tsohuwa ta ɗaure kayanta ta ajiye bakin ƙofa, ta ce da damina ta wuce sai ƙauye. Har yau ina jin ƙanshin daddawa da man shanu da ke tashi daga ƙunshin nan.

Baffana, ƙanen Baba, mai gyaran rediyo ne. Shi ya zo da wani ɗan akwati mai maɓalli, ya haɗa a bango, ya murɗa a hankali har ƙwan ya yi ja kamar garwashi. Kaka ta buɗe ido sosai, ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaure fuska.

"Kai, wutar da ka rage, ina sauran take zuwa?"

"Ba ta zuwa ko'ina, Iya. Wutar nan zuwa take tana komawa, sau hamsin cikin daƙiƙa guda. Abin nan mai gadi ne, duk zuwan da ta yi sai ya tsayar da ita a ƙofa kaɗan kafin ya buɗe. In kin murɗa baya, ya ƙara jinkiri. Wadda bai bari ba, ba ta shigo ba ke nan."

Ina! Kaka ba ta yarda ba. A ganinta wutar taruwa take cikin bango, wata rana ta ci gidan. Don haka kowace safiya sai ta wangale ƙofa, ta rufe fuska da mayafi, ta murɗa maɓallin har ƙarshe, wai a sallami wadda ta kwana. Mu yi ta dariya a bayan rumbu. Amma ƙunshin ya kwance, kuma a ɗakin nan ta cika bayan shekaru.

Yanzu aikina ke nan, injiniyan lantarki ne ni, na kuma san baffa gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na ɗauka na san maganin Inna. Na kira ta ina ta rawar jiki.

"Yalla, maza Inna, murɗa ki gani."

Ta murɗa, ɗakin ya yi sanyi. Ta jinjina kai.

"Ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Amma kakarka in ta rage haske, ku take gani cike da tsakar gida. Ni in na rage, bango zan yi ta kallo har ku dawo aiki."

Kunya ta kama ni, da tausayinta. Na tsaya da sukundireba a hannu, na rasa abin da zan murɗa.