Fensirin Sake-Duba

Ƙarfe bakwai da rabi yake jingine kekensa a ƙofar maɗaba'a, ya fiƙe fensiri biyu, ya goge tabarau da bakin riga, ya jawo shafin farko. Shekara talatin da huɗu ke nan yana tace kurakuran littattafan makaranta kafin su hau inji. Sake-Duba muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mutane sun ɗauka abin da aka buga a littafi ba a ja da shi. Ni da na yi shekaru ina kula da littattafan lissafi a gidan, na san yadda ake bugawar.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha uku. Masu taurin kai yake kiransu. Wata rana littafin wani Farfesa ya zo, an rubuta cewa 10,001 tana cikinsu. Ni kaina na karanta na wuce. Shi kuwa ya duƙufa yana gwada ta, har ta tsage a hannunsa: 73 sau 137.

Manaja ya taso, inji na jira. "Malam, aya da waƙafi aka ɗauke ka dubawa. Farfesa ne fa ya rubuta! Ko ka sa hannu, ko ka ɗau kekenka."

'Ya'ya mata biyar gare shi a makaranta, duk mun sani. Duk da haka Sake-Duba bai sa hannu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai saba'in da uku ba ta san Farfesa ba."

Aka kira Farfesa. Ya duba takardarsa ta asali, ya dafe kai. "Bakwai na rubuta a ƙarshe, 10,007! Rubutun nawa ne kamar kaza ta yi tono. A gyara a buga."

"A ba ni rabin awa," in ji Sake-Duba.

"Ita ma sai ka gwada?" in ji Farfesa.

"Ita ma, ranka ya daɗe."

Ya gwada ta da masu taurin kai ashirin da biyar da ke ƙasa da ɗari, ta ƙi tsagewa, sannan ya sa hannu. Ba a ambace shi a shafin godiya ba.

Malam Sake-Duba, kai ne wanda yara suka haddace gaskiya ta dalilinsa ba su san fuskarsa ba. Maiɗakinka ta taɓa ce mini, tana dariya, kai ma cikin lambobin nan kake: an gwada ka da tsawa, an gwada ka da tsoro, ba ka rabu ba, ba ka rusuna wa kowa sai Guda Ɗaya.

Mun gode. Allah Ya bar maka idanunka. Ku kuma masu hawa kujerarsa, in lamba ta zo da rawani, ku gaishe ta, sannan ku fiƙe fensiri.