Fentin da Na Yi wa Jif ɗin Baba

Ban taɓa son motar nan ba, gara in faɗa tun yanzu. Tsohuwar jif ce irin ta shiga daji, mai dogayen ƙafafu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba ya saye ta a gwanjo tun bai auri Inna ba, ya kuma rasu ya bar ni da motar, don cikin 'ya'yansa ni kaɗai na iya lallashinta ta tashi. Ƙauyenmu yana ƙasar Ajingi, can bayan Gafasa, inda rairayi ke haɗiye tayar adaidaita da rani, taɓo kuma ya riƙe ta da damina. Babur yana shiga, amma babur ba ya ɗaukar buhu goma, ba ya ɗaukar mai naƙuda. Saboda haka ranar kasuwar Gaya, ni ne. Mara lafiya, ni ne. Ko zazzaɓi nake yi sai an yi sallama da ni a ƙofar gida, a ce ai kwana ɗaya ne, in daure.

A bayan gidanmu akwai wasu jif uku irinta, matattu, babu mai taya ko ɗaya. Baba ne ya tattaro su ɗaya bayan ɗaya: guda daga garejin wani bakanike a Gaya, guda daga Toranke inda kaji suka shekara suna ƙwai a cikinta, ta ukun ma da shanun huɗa aka jawo ta. Rumbuna yake kiransu. Kayan irin wannan mota sun daɗe da ɓacewa daga shaguna, to in wani abu ya lalace a jikin mai ran, sai a zaga baya da sifana a kwanto na matacciya. Haka na taso na gani, haka na ci gaba, ina yi ina tsaki.

Abin da nake so shi ne in tafi. Wani abokina da muka yi sakandare tare yana da shagon kayan waya a Kano, ya ce in zo mu raba shagon biyu in zan kawo jarina. Ya ce zai riƙe min gurbin har a gama kaka, bayan nan ƙanin matarsa na jira, kuma ba zai iya yi wa surukai ƙarya ba. Gona ta gado ce, ba tawa ni kaɗai ba. Motar ce kawai 'yan'uwana suka sallama min, su ma don ba su san yadda za su yi da ita ba. Wa zai sayi wannan tsohuwa?

Ashe akwai mai saye. Wani fasinja ya ɗauki hotonta a tashar Gaya ya sa a waya, hoton ya yi ta yawo har ya kai hannun wani Alhaji a Kaduna wanda, wai, tara tsofaffin motocin daji yake yi, ba don haya ba, don sha'awa kawai. Na ce ikon Allah, masu kuɗi ba sa rasa abin yi. Ya kira ni da kansa, ya tambayi shekarunta, na faɗa masa har labarin rumbunan Baba don in ba shi dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce zai zo bayan mako uku, kada in sayar wa kowa.

To mu nan, in za ka kai rago kasuwa, wanke shi kake yi. In baƙo zai zo, share tsakar gida ake yi. Na dubi motar nan da korenta da ya koɗe ya koma kalar miyar kuka, kujeru sun yage, sitiyari an naɗe shi da roba, na ce wallahi ba zan kunyata kaina gaban babban mutum ba. Na kira 'yan gwangwan daga Gaya. Kwana biyu suka yi suna sara da guduma da kurfi, suka ɗora rumbunan Baba a sikeli, suka loda suka tafi. Inna ta leƙo ta katanga sau ɗaya, ta koma ciki. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ni na ɗauka na sani.

Da abin da suka ba ni na kai ta wajen mai fenti. Fara tas aka yi mata, da jan layi a gefe. Aka cire tsofaffin kujeru aka sa kushin mai laushi, aka canja sitiyari, aka ƙwaƙule fitilun nan masu kama da idon mujiya aka sa na zamani. Tsofaffin agogunan gaban direba, da wani ɗan allon ƙarfe mai lambobi da mai fentin ya ce yana ɓata masa aiki, duk na kai wa 'yan gwangwan gyara. Ranar da na shigo da ita gari har guɗa mata suka yi.

Alhajin ya iso da hantsi, a ƙafa, don motarsa ta maƙale a rairayi tun daga nesa. Dattijo ne mai sanyin magana. Na yi masa shimfiɗa, ya ce a'a, mu fara ganinta. Ya zaga ta sau biyu, ya fito da wayarsa ya dubi hoton, ya sake dubanta.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," na ce, har da murmushina.

Ya buɗe ƙofa ya shafa inda ɗan allon nan yake a da. Ya tambayi kujerun, na faɗa masa. Ya tambayi fitilun, na faɗa masa. Sannan ya ce to mu je ya ga sauran ukun, don su ne ma suka fi taso shi, akwai abin da ya shekara yana nema da yake kyautata zaton yana jikinsu. Na kai shi bayan gida na nuna masa fili, da baƙin mai a ƙasa. Ya dubi filin, ya dube ni. Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce shi tsufan yake saye, yadda ta fito daga hannun maƙeranta, yanzu kuwa ta zama motar haya kamar kowace. Ya ba ni haƙuri, shi da ya sha hanya a banza. Ni na ja motarsa da jif ɗin na fitar da ita kan burji.

Washegari da sassafe ina Gaya wajen 'yan gwangwan. Suka ce ai tirela ta kwashe tun makon jiya, yanzu ƙila an narka. Na zauna a kan wani tsohon rim na taya, kunya da baƙin ciki suka hana ni tashi, har mai wurin ya ce ko ba ni da lafiya ne.

Kaka ta ƙare. Abokina ya kira, na ce ya ba ƙanin matarsa, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Har yau ni ke jan motar, kuma yanzu duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi, don in ta tsaya ta tsaya ke nan, ni da ita.

Rannan na dawo daga kasuwa da la'asar, Inna ta miƙo min fura, ta zauna kusa da ni tana kallon hannuwana da suka yi baƙi. Ta ce akwai abin da take so in yafe mata. Tun ranar da ta ji zancen mutumin Kaduna, ba ta yi salla ɗaya ba tare da ta roƙi Allah ya wargaza cinikin ba.

"Ka ga kuwa ya amsa min," ta ce, fuskarta cike da farin ciki.

Na ce Allah ya ƙara amsa miki, Inna. Na kafa kai a ƙwaryar na yi ta sha, don kada ta ga idona.