Kwanon da Ya Sha Shayinmu

Kafin in zama ɗan damfara, ni mai ɗaukar kaya ne. Na zo Greensboro ta ƙasar Amurka daga Maraɗi, na sami aiki a shagon Alhaji Issufu da ke High Point Road. Sana'arsa sayen kayan gado. Idan wani mai hali ya mutu a unguwar Irving Park, magada suka sa kayan gidan a gwanjo, Alhaji ya saya, ni in loda a mota. Da la'asar mu zauna bayan shago, ya dafa shayi mai na'a-na'a, muna hirar gida. Ban sake samun kwanciyar hankali irin ta lokacin ba.

A cikin kayan da yake saye, ya fi son kwanonin tangaran na ƙasar Sin, marasa kauri kamar ɓawon ƙwai. Akwai ɗaya da ba ya sayarwa, fari mai zanen tsuntsu a kan reshe. Da shi ya koya mini aiki, kuma a jere ya koya mini. Da farko, a shimfiɗa tawul, a ɗauka da hannu biyu, ba a kama baki. Na biyu, a ɗaga wajen taga: na kirki, za ka ga inuwar yatsunka ta cikinsa. Na uku, a ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye amonsa yana daɗewa, mai tsaga kuwa nan take yake mutuwa. Na huɗu, a duba zane da gilashin ƙara girma, domin aikin hannu yana nuna sawun burushi, bugun inji kuma ɗigo-ɗigo ne. Hatimin da ke ƙasa shi ne na ƙarshe. "Hatimi kowa na iya bugawa, ɗana," in ji shi. "Gindin kwano za ka shafa, nan tsufa yake zama."

Ɓarnata ta fara da ƙarami. Wata tsohuwa ta kawo kwanon mijinta ranar da Alhaji ba ya nan. Na ɗaga, na ga yatsuna sarai, na ce mata sabo ne. Na saya da arha, na sayar a ɓoye. Daga nan na fara sayen sababbi, in goge gindinsu da yashi, in jiƙa su cikin ragowar shayin Alhaji har su yi launin tsufa.

Wata rana na manta ɗaya a kan kantar shago. Alhaji ya ɗauka. Bai ɗaga shi wajen taga ba, hancinsa kawai ya kai.

"Yaushe mutanen Sin suka fara shan na'a-na'a?" ya tambaye ni.

Ya miƙo mini kwanon.

"Wannan kwano shayinmu ya sha. Fasa shi a gabana, magana ta mutu a nan."

Na fasa. Amma maimakon in daina, sai na koma amfani da shayi marar ƙamshi. Na riƙa tallata kwanonin a intanet da sunan shagonsa, ina aikawa ta gidan waya zuwa wasu jihohi, saboda an yarda da sunan Alhaji. Wani mai saye ya kai nasa wajen masani, aka biyo sawu. Kotu ta wanke Alhaji, ni aka ɗaure. Sai dai masu gwanjo sun daina kiransa, shagon ya rufe.

Da na fito, na same shi a gidan 'yarsa a East Greensboro. Na durƙusa na roƙi gafara. Ya ce ya yafe tun ina ciki, ya sa aka kawo mini shayi. Kwanon tsuntsun nan yana kan tawul a bisa teburi kusa da taga. Ban san lokacin da na miƙa hannuwana biyu ba, yadda ya koya mini.

Ya dafa tawul ɗin a hankali. "Duba daga nan, ɗana."

Matasa, ku ji ni da kyau. Idan wani ya koya muku sana'a, kada ku yi ƙaryar farko da ita, domin sauran binta suke yi a jere. Kada ku ci da sunan da ba ku kuka gina ba. Na tuba, ina aikina na halal, duk Juma'a ina zuwa gaishe da Alhaji. Yana ba ni shayi da hannunsa. Kwanon kuwa, har yau daga kujerata nake kallonsa.