Yarinyar da ake kira Likita

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da Hausa a wata sakandare a Anka, ina da wani abokina malamin kimiyya da muke zaune ɗaki ɗaya. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: ba ka isa ka sha shayi da shi lafiya ba sai ya kai ka Bagadaza. Ka ce kanka na ciwo, ya ce ai Musulmi ne suka tsara asibiti da ɓangaren kowace cuta daban. Ka ce lissafi ya gagari ɗalibai, ya ce aljabara ai gadonmu ce. Har muka laƙaba masa Na-Bagadaza, shi da ko Sakkwato sai da babban dalili yake zuwa. Sunayen masanan Musulmin nan da yake ambato kuwa kada ku tambaye ni, don kunne ɗaya nake ba shi, ɗayan yana kan rediyo.

Labarin da ya fi so shi ne na wani likita da sarki ya tambaya inda ya dace a gina asibiti. Wai sai likitan ya sa aka rataye tsokar nama a unguwanni daban-daban, inda naman ya fi daɗewa bai ruɓe ba ya ce nan iska ta fi kyau, a gina a nan.

"Ka gani, Malam?" in ji abokina. "Bai ce mahwarki ya yi ba. Gwadawa ya yi, ya duba da ido nai."

Ni kuwa na ce ban ga komai ciki ba sai asarar nama.

Yana da 'ya guda a lokacin, 'yar fari. Kun san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ita da ta ci sunan mahaifiyarsa. Sai ya riƙa kiranta Likita, don ya riga ya yanke cewa aikin da za ta yi ke nan. Sunan ya bi ta har kowa ya ɗauka. Yarinya ce mai baki, ba ta daɗe da yaye ba amma zance a bakinta sai ka gaji. In na bi shi ƙauyensu ranar hutu, can cikin ƙasar Bukkuyum, takan samo marfin kwalba ta ɗora mini a ƙirji, ta ɓata rai, ta ce, "Bappa, ba ka da lahiya. Sha magani." Dole in sha, ko da ruwan randa ne a murfin kwano.

Ana nan sai zinariya ta ɓulla a dajinsu. Ƙannensa suka shiga haƙa. Tunda matan gidan ba sa fita, sai a ɗebo musu duwatsun a buhu har tsakar gida, su farfasa, su daka a turmi, su tankaɗe, su ma su sami abin hannunsu. Maza kuma su wanke garin, su cuɗa da zaiba, su ƙona, zinariya ta fito.

A kan zaibar nan abokina ya kafe. Ya tara ƙannensa ya ce hayaƙinta guba ne, tun tuni masana suka san haka, don haka kada wanda ya sake ya ƙona ta cikin gida. Sai da ya sa suka koma yi a bayan gari. Ya dawo Anka yana ta alfahari, wai ilimi ya yi rana. Dakan dutse kuwa bai dame shi ba, dutse ne kawai. Ni ma na ga Likita zaune gindin turmi a inuwar darbejiya, tana tuwon ƙasa da garin, jikinta fari fat. Dariya na yi, na ce ga Likita ta sa farar riga tun ba ta shiga makaranta ba.

A zuwan nan ne Inna, mahaifiyarsa, ta kawo masa kuka.

"Agwagina sun ƙare, ɗan nan. Ɗai-ɗai suna juyi suna hwaɗuwa. Ko mi as same su, oho."

Ya ce mata ciwon kaji ne ke yawo, zai sayo magani a Anka.

Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Wata safiya muna aji aka aiko masa. Na goya shi a babur muka kama hanyar nan mai ramuka. Muka tarar da Likita a cinyar uwarta tana jijjiga, idanunta sun kakkafe, haƙora a datse. Kafin ranar an riga an binne yara da dama a ƙauyen. Wasu na cewa sanƙarau ne, wasu na cewa iska ce ta biyo masu haƙa daga rami. Muka kai ta asibiti, aka yi ta maganin zazzaɓi, ba sauƙi. Sai da wasu likitocin agaji suka zo suka ɗebi jinin yara, sannan aka ce gubar dalma ce, kuma a cikin dutsen take.

Abokina ya zauna daɓas a ƙasa bakin ɗakin marasa lafiya.

"Dalma," ya ce. "Malam, ni ka koya ma yara dalma cikin aji."

Sai na zauna kusa da shi.

Daga baya aka turo ma'aikata da wata na'ura ta auna ƙasa. Sai sun shiga gida-gida, inda suka sami guba su kankare ƙasar su kwashe. Nan dattawa suka tirje. Yaya za a yi baƙin maza su shiga har tsakar gida? Wasu ma suka ce dabara ce ta raba su da zinariya. Ga yara kuma na ci gaba da rarrafe a kan ƙasar.

Bayan Azahar, a ƙofar masallaci, abokina ya miƙe. Ya rame, muryarsa ta dishe. Ya ba su labarin likitan nan da tsokar nama, tun daga farko. Na sha jin labarin har ya gundure ni, amma ranar ce na fara saurarensa da kunne biyu.

"Iyayena," ya ce, "auna wuri don lahiyar mutane ba baƙon abu ba ne. Musulmi 'yan'uwanmu sun yi shi tun ba a haihi kakanninmu ba. Ɗiyata tana kwance, ban san ko ta tashi ba. A hwara da gidanmu."

Liman ya ce mata su shiga ɗaka, a bar mutane su yi aikinsu. Aka fara da gidansu. Inda na'urar ta nuna guba ta fi yawa shi ne gindin turmi, a inuwar darbejiya. Aka kankare tsakar gidan kaf, aka zubo sabuwar ƙasa. Sauran gidaje suka bi.

A hanyarmu ta komawa asibiti ya taɓa kafaɗata daga baya.

"Agwagin Inna su ne naman da anka rataye man, Malam. Cikin gidanmu. Ban duba ba."

Likita ta rayu, alhamdulillahi, yara da yawa ba su samu haka ba. Magani ya fitar da gubar, amma bai dawo da abin da ta ɓata ba. Bakin nan mai zance ya mutu, sai kalma ɗai-ɗai. An sa ta makaranta, ko harafi ɗaya ya ƙi zama a kanta, har aka haƙura.

Yau in na ga matasa suna yaɗa tarihin masanan Musulunci suna alfahari, ina jin daɗi, wallahi, amma sai in tuna da Likita. Abin da na fahimta shi ne, mutanen nan ba sunayensu suka bar mana mu haddace ba. Ɗabi'ar dubawa suka bari, ka tsaya a kan abin da ke gabanka ka tambayi dalili, ko da agwagwa ce ta mutu. Abokina har yanzu yana koyarwa, yana kuma ba da labarin naman, sai dai yanzu in ya gama yakan ce wa ɗalibai su je gida su dudduba.

Na taɓa tambayarsa ko ba za a sauya mata laƙabin ba, don ni kam yana sosa mini rai. Ya ce sunanta na yanka ba ya iya kamawa, wannan kuma shi kaɗai take amsawa.

Bayan sallar da ta wuce na je gaishe su. Ta zama budurwa, tana sharar tsakar gida a hankali.

"Likita," ya ce, "ga Bappanki. Kawo mai ruwa."

Ta kawo kofin da hannu biyu, rabi ya zube a hanya. Ta tsaya tana kallona, ta daɗe. Sai ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, ta ɓata rai.

"Sha," ta ce.

Na sha, na shanye, amma na kasa sauke kofin daga fuskata.