Lambobin baburan da ke wuce ƙofarmu

Yayana ne ya koya mini wasan, muna zaune kan benci a ƙofar gidanmu a Zuru. Baburan Ribah da na Mahuta suna wucewa, mu kuma idonmu na kan lambar bayansu. Wadda muke farauta ita ce lambar da za ka karanta ta gaba ko ta baya ka samu abu ɗaya, kamar 343. In ta wuce sai mu yi rige-rigen farfasa ta har mu kai ga lambobin da ba sa rabuwa: bakwai sau bakwai sau bakwai. Wani lokaci a samu mai taurin kai irin 131, wadda babu abin da ke raba ta. Yaya ya ce irin halina gare ta.

Da ya shiga soja, kamar yawancin samarin unguwarmu, benci ya yi mini faɗi. Na gwada ƙawayena, suka dube ni kamar na zautu. Na gwada Inna, ta ce, "Ke, wanga lissahi naki shi za ya tuƙa muna tuwo?" Sai na koma yi a zuci, kuma gaskiya babu daɗi. Na yi kewarsa ƙwarai.

Ana cikin haka shekarar 2002 ta shigo, na lura ita ma gaba da baya duk ɗaya ce. Na farfasa ta: biyu, bakwai, sha ɗaya, sha uku. Na gwada 1001, na gwada 1221, na gwada wasu. Duk mai gida huɗu irinsu, sha ɗaya na raba ta. Ban gaya wa kowa ba, na ajiye wa Yaya. Shi kaɗai zai san girman abin.

Ya zo hutu bayan girbi, ya yi baƙi, ya rage dariya. Ko takalmi bai gama cirewa ba na zazzage masa komai. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, irin yadda ake yi wa 'yar maƙwabta.

"Madalla, ƙanwata. Ashe har yanzu kina wanga abu?"

Ya buɗe jaka ya miƙo mini kalkuleta sabuwa fil, cikin ledarta. "Ga tsarabarki. Yanzu kin huta da wahala."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Abokansa suka yi sallama a waje, ya tashi ya fita.