Karkar a Jikin Zomon Shahd

Duk Dar Salam, can gefen Umdurman ta ƙasar Sudan, babu macen da ba ta san hannun Gogo Kubura ba. A gonakin Jazira aka haife ta, ta fara tsinkar auduga tun ba ta yi famfara ba, da suka dawo birni kuma ta kama kitso. Taƙamarta ɗaya ce: ba ta taɓa sa almakashi a kan 'yar kowa ba. Duk yadda gashi ya cukurkuɗe, sai ta lakato karkar, man nan na riɗi da kitsen tumaki, ta mulke shi, ta bi da tsinke har ya saki. Ga hannu ga baki, don in tana tsiya ba mai tanka mata.

Zomon kuwa na jikarta ne, Shahd. Uban yarinyar, Nasrullahi, ɗan Gogo na fari, shi ya kawo mata shi daga Bahri, fari fat mai dogon gashi. Ranar da aka fara harbe-harben yaƙi a birnin ya fita aiki, har yau shiru. Tun daga nan Shahd ta ɗaura ranta a kan dabbar: in ya ci ta ci, in ya ƙi ta ture kwano.

Da ma Nasrullahi ne ke taje shi kullum. Da babu shi, gashin ya soma dunƙulewa, Gogo ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ta mulka masa karkar kamar kan amarya. Man ya kwashi yashin tsakar gida. Ta ƙara da wanka, nan aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Gashin ya daskare kamar busasshen kirgi tun daga hammata har gindin wutsiya. Zomo ya daina tsalle, ya daina taɓa barsim, ciyawar da yake so, ƙudaje suka yanyame shi. Shahd ma ta daina ci.

Sai Zubairu, ƙanen Nasrullahi, ya fito da wuƙa yana wasawa. Ya dubi uwarsa, wadda yake kira yumma irin na Larabawan garin.

"Yumma, halas, ya isa haka. A yanka shi kafin ya zama mushe. Yaushe rabon gidan nan da nama?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi ciwo. Gogo ta dubi Shahd, ta ga yarinyar ta ƙanƙame zomon, idonta a kan wuƙa, ko kuka ba ta yi. Tsoro ya kama tsohuwar.

"Ka ba ni zuwa la'asar. In bai ci ba, ka yanka."

Ta zauna a inuwa, ta rufe wa zomon ido da gefen mayafi, Shahd ta riƙe ƙafafu. Da ta taɓa gashin da kyau, sai hannunta ya tuna abin da kanta ya manta. Wannan ai auduga ce, kuma wa ya taɓa jiƙa auduga kafin ya shiɓe ta? Ta ɗebo garin dawar da ake tattali don kisra, gurasar ƙasar, ta barbaɗa ya shanye man, ta shiga warwarewa da yatsu, sili-sili. Na baya ya saki. Na ƙarƙashin ciki ya ce sam.

"Zubairu, miƙo mini almakashi."

"Ke, yumma? Almakashi?"

"Kunnenka ne ya toshe?"

Fatar zomo ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Ta zura mataji tsakanin fata da dunƙulen, tana yanka ta saman haƙoransa, numfashinta a riƙe. Can wajen gada wani abu ya fashe, zomon ya zabura, almakashi ya kufce. Jini ya ɗiga a farin gashi. Shahd ta ƙwalla ƙara.

"Jinina ne, 'yar nan, nawa ne! Riƙe shi."

Gogo ta tsotse yatsan da ta yanke ta ci gaba. Da dunƙulen ya faɗi, sai ga fata ja, ga ƙwan ƙuda a jere, Allah ya sa bai ƙyanƙyashe ba. Ta goge da tsumma da ruwan gishiri, ta ajiye shi ƙasa, rabi gashi rabi tsirara.

Ladan ya kira la'asar. Zomo na kwance ko motsi. Zubairu ya miƙe da wuƙarsa, shi ma ba ya iya kallon yarinyar. Shahd ta tura ganyen barsim bakin hancin dabbar. Hancin ya motsa. Ya ja ganyen, ya soma tauna.

Zubairu ya juya ya soke wuƙar a jikin katanga.

"Habboba," in ji Shahd, haka take kiran kakarta, "ki koya mini tazar. Kada Baba ya dawo ya same shi haka."

Gogo Kubura ta goge yatsanta a gefen mayafi. Ta miƙa mata matajin, ta turo mata kwanon kisra.